Motar da Tijjani Ya Duba da Hannunsa

A birnin Makka, wajajen shekarar 1966, an yi wani bakanike a unguwar Zahir mai suna Tijjani Zali. Ta Sudan iyayensa suka shigo da shi yana goye. Aiki kam ya iya, ba mai ja da shi. Idan ya kasa kunne ga inji, zai gaya maka ciwonsa tun kafin ka buɗe baki. Aibinsa ɗaya ne, amma ya isa ya ɓata duk sauran halayensa: mutum ne mai mugun son a kira sunansa a bainar jama'a. Idan aka kwana biyu ba a yabe shi ba, ko abinci ba ya yi masa daɗi.

Shi ya ƙirƙiro tseren motoci a wani kwari da ke bayan unguwar Shisha. Da an gama aikin hajji alhazai sun watse, direbobin Hausawa sai zaman jiran tsammani, shi ne ya riƙa tara su duk Juma'a bayan la'asar. Ba wasu motoci ne na musamman ba. Tsofaffin tasi ne da akori-kura da suka gaji da jigila, a cire kujerun baya, a zagaye ganguna biyu sau goma. A shekarun farko kwarin cika yake yi maƙil, Hausawa da Larabawa da Yamalawa. Shekara huɗu a jere Tijjani ne ke zuwa na ɗaya, jama'a na ta kiran "Zali, Zali". Daga baya ya sayar da motarsa ya koma shugaban fili, ya kuma kafa doka cewa duk motar da za ta shiga tsere sai ta kwana a garejinsa, ya duba ta da hannunsa ranar Juma'a da safe. Direbobi suka ji daɗin dokar, don sun yarda da shi.

Sannu a hankali taron ya fara zaizayewa. Samari suka koma kallon ƙwallo, manya suka maƙale a gidajen shayi suna sauraren rediyo. Wata Juma'a Tijjani ya ƙirga mutum goma sha tara a fili, har da mai sayar da shayi da wani makiyayi da awakinsa suka ɓata hanya. Ransa ya yi mummunan ɓaci.

Tsoho Mailafiya, dattijon da ke ɗaga tutar fara tsere, ya ce masa, "Tijjani, abin ba ya son gaggawa. Mu kafa rumfa, mu ajiye randunan ruwa, mu gayyato direbobin Jidda, wanda ya ci a ba shi rago. Mutane za su dawo da kaɗan-kaɗan."

"Ya Ammi, haba Baba, wannan ai sai mun tsufa," in ji Tijjani. "Ni a bana nake son ganin kwarin nan ya cika."

Ana nan sai wata rana taya ta fashe wa wani direba a kwanar ganga ta biyu. Motar ta wuntsila sau biyu ta kife. Allah ya kiyaye, mutumin ya fito yana karkaɗe ƙura. Kafin magariba labari ya zagaye unguwannin Nakkasa da Zahir, Juma'a ta gaba kuwa sai ga mutane sun fi ɗari uku. Ba a wurin tashi suka tsaya ba, ba a wurin ƙarewa ba. Duk a kwanar nan suka yi cincirindo, suna miƙa wuya kamar kaji sun ga tsaba. Aka yi tsere lafiya aka gama. Mako biyu ba wanda ya kife, sai taron ya sake watsewa.

Mutumin kirki da ya ga haka, tsigar jikinsa ce za ta tashi, ya ce tir da irin wannan kallo. Tijjani kuwa murmushi ya yi, wai shi ya gano maganin abin.

Ya zauna ya yi tunani irin na marasa tsoron Allah. Cikin direbobinsa akwai masu takardar zama, wato iƙama, akwai kuma waɗanda suka zo hajji suka maƙale ba su da ko ƙyalle. Irin waɗannan ba sa iya zuwa asibiti, balle su kai ƙara. A cikinsu ya zaɓi Isa, wani Bakatsine mai shiru-shiru da ke zaune a Nakkasa. Ranar Juma'a, lokacin da gari ya yi tsit kowa ya tafi Harami, Tijjani ya kulle kansa a gareji, ya ɗauki sifana ya sassauta notuna huɗu na tayar gaba ta dama. Ya san aikinsa sarai: tayar za ta kai mota fili lafiya, sai an sha kwana da gudu za ta fice.

Haka kuwa aka yi. A zagaye na uku tayar ta yi nata wuri, motar ta kife a kan hannun Isa na dama. A ɓoye aka kai shi wurin wani mai ɗori a bayan dutse. Hannun ya warke a karkace, ko kofin shayi ba ya riƙewa, tuƙi kuwa ya ƙare masa har abada. Tijjani har gida ya je dubiya da buhun shinkafa, yana ta "ma'alesh, sai haƙuri, ƙaddara ce". Ni dai a cikin labarin nan kaf, babu abin da ya fi tayar mini da zuciya kamar buhun shinkafar nan.

Kwari ya cika ya batse. Masu shayi da masu gyaɗa suka kafa layi, ana nuna Tijjani da yatsa ana cewa shi ne mai filin. Da wata biyu suka wuce ya ga mutane sun fara hamma, sai ya sa ido kan Rabi'u, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda shi da kansa ya koya wa tuƙi. Shi ma ba shi da iƙama.

Ranar da ya yi wa motar Rabi'u aika-aikar, ya koma gida cin abincin rana. Matarsa Shatu ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Maigida, yau ma ba ka je Juma'a ba. Ga farar rigarka can a rataye yadda na goge ta, ga hannunka duk baƙin mai. Ranar da Isa ya karye ma haka ka shigo mini."

"Halas, ki bar zancen da bai shafe ki ba," ya ce, ya ture kwanon ya fita.

Taron ranar ba a taɓa yin irinsa ba, har kan duwatsu mutane ne. Tijjani ya hau bayan wata akori-kura yana jawabi, ya shiga cika bakin da ya saba, cewa direbobin yanzu duk yara ne, da shi ne da tuni ya ba su ratar zagaye guda. Wani daga cikin taro ya ce to ya shiga mana a gani. Kafin ka ce me, kwarin gaba ɗaya ya ɗauki "Zali, Zali".

"Ai ba ni da mota," in ji Tijjani, yana dariya.

Sai ga Rabi'u ya matso, fuskarsa cike da fara'a, ya miƙa masa makulli da hannu biyu. "Mu'allim, ga tawa. Kai ka koya mini tuƙi, yau girmanka ne. Ba ka da abin tsoro, motar da ka duba da hannunka ce ɗazu."

Dariyar ta bushe a bakin Tijjani. Ya yi tunanin ya ce a miƙo masa sifana ya ƙara duba tayoyi. To amma ga Tsoho Mailafiya tsaye kusa da motar, ga Isa a gefensa rungume da shanyayyen hannunsa. Isa kuwa ya daɗe yana tambayar mutane yadda aka yi notuna huɗu suka kwance lokaci guda. Da sun ga sifana ta juya a sake a wannan tayar dai, magana ta ƙare. Ya yi tunanin ya ce ba shi da lafiya, sai ya hango yadda za a yi masa ihu, gobe a gidajen shayi a ce Zali ya tsorata. Hanya ɗaya ta rage mai tsabta, ya buɗe baki ya faɗi abin da ya yi. Ya dubi dubban fuskokin da ya sayar da lahirarsa don ya tara, ya ji ba zai iya ba. Ya karɓi makullin.

Ya gaya wa kansa zai bi a hankali, ya yi zagaye biyu ya ce inji ya yi zafi. Zagaye na farko ya lallaɓa, shi ne na ƙarshe. A na biyu wasu suka fara yi masa eho, wasu kuma suka ƙara ƙarfin kiran sunansa. Rabon da ya ji wannan kira daga bayan sitiyari shekara biyar ke nan. Sunan ya shiga kansa, ƙafarsa ta danna totur. Ya wuce mota ɗaya, ya wuce ta biyu, kwari ya ɗauki sowa. Yana karya sitiyari a kwanar ganga ta biyu, tayar ta fice.

Da ya farfaɗo, motar na kansa, ba ya jin komai daga ƙugu zuwa ƙasa. Ta tagar da ta fashe yana ganin ƙafafun mutane sun kewaye shi, ana ture-ture, kowa na son ya leƙa. Ba wanda ya sunkuya. Har ya ji wani yana gaya wa abokinsa cewa wannan ta fi ta Isa kyau. Mutum uku ne suka kutsa suka jawo shi: Rabi'u, da Tsoho Mailafiya, da Isa da hannunsa ɗaya.

Da yake shi mai iƙama ne, asibiti aka kai shi, aka ba shi gado mai farin zane. Likita ya ce ƙashin baya ya karye, shi da tafiya har abada. Hukuma ta rufe kwarin, tseren ya mutu daga ranar.

Kwana na tara Rabi'u da Isa suka zo dubiya. Rabi'u sai neman gafara yake yi, wai motarsa ce ta jawo. Nan ne Tijjani ya kasa daurewa, ya fashe da kuka ya faɗi komai. Rabi'u ya daɗe yana kallon ƙafafun da ke ƙarƙashin zanen, sannan ya ce, "Ashe wannan kwanciyar tawa ce ka shirya. Ni kuwa ko gadon ba za a ba ni ba." Ya ajiye lemon da ya kawo ya fita.

Isa ya tsaya a bakin ƙofa. Tijjani ya ce, "Isa, ka yafe mini don Allah."

"Shinkafarka muka ci wata guda, ni da 'ya'yana, muna sa maka albarka," in ji Isa. "Wannan ce ba zan iya yafewa ba."

Tijjani ya yi shekara goma sha ɗaya a kwance a ɗaki guda a Zahir. Cikin dubban da suka kira sunansa ba wanda ya taɓa leƙo shi. Shatu ce kaɗai ke juya shi safe da yamma.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk wanda ya nemi tara jama'a ta hanyar cutar da waɗanda suka ba shi amana, to ya sani ba masoya yake tarawa ba, 'yan kallo ne, kuma ranar da ya faɗi da irin idon da suka kalli na baya za su kalle shi. Idan abin da ka gina ya ja baya, ka farfaɗo da shi da haƙuri da gaskiya ko da zai ɗauki shekaru. Kada ka ga mutum ba shi da gata ka ɗauka ba shi da mai bi masa hakki. Idan kuwa ka riga ka yi kuskure, ka faɗa tun kana tsaye da ƙafafunka, domin kunyar yini ɗaya ta fi sauƙi a kan abin da Tijjani ya zaɓa wa kansa.