Hoton Inna da Ba a Wanke Ba

Auta mutum ne mai kirki da sakin hannu, amma Allah bai ba shi haƙurin jira ba. Shayi da zafinsa yake kurɓa, ya ƙona harshe, gobe ma ya sake. In kana yi masa bayani, kafin ka kai rabi ya ce, "To, na gane." Yayarsa, wadda malamar makaranta ce, takan ce ba laifinsa ba ne, wata bakwai ya yi a ciki ya ce ya gaji, ya fito. Sana'arsa sayar da wayoyin hannu, inda kaya ke shigowa da safe su fita kafin la'asar, kuma a ganinsa haka ya kamata duniya duka ta riƙa tafiya.

Mahaifinsu mai ɗaukar hoto ne. Shekara arba'in ya yi a wani ɗan shago mai taga ɗaya, a saman bene. Da ya rasu, mai ginin ya ba su wata guda su kwashe kaya. Ranar da suka buɗe shagon, komai na nan yadda ya bar shi: labulen bango mai zanen teku da jirgin ruwa, kujerar da dubban mutane suka zauna a kai suka daidaita wuya, da furen roba da ya koɗe. A tsakiyar ɗakin kuma babbar kyamarar tana tsaye kan ƙafafunta uku, an lulluɓe ta da baƙin ƙyalle kamar mai barci. Ta katako ce mai kusurwoyin tagulla, cikinta na fata mai naɗewa kamar zugazugi.

"Wannan za ta yi kuɗi," in ji Auta, yana laluben wayarsa.

"Ka sayar, ban hana ka ba," in ji Yaya. "Amma Inna tana cikin kayan nan."

Ta zaunar da shi a kujerar ta gaya masa. Mahaifiyarsu ta auri mai hoto, amma ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Da ta ga kyamara sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana dariya. Sau ɗaya tak ta yarda, shekara biyu da suka wuce, da ciwo ya fara cin ta. Ta hau benen nan da ƙyar, ta zauna, Baba ya ɗauke ta. Bayan sati uku ta rasu. Baba bai taɓa wanke hoton ba. Yakan ce muddin bai wanke ba, tana nan zaune tana jiransa. Duk duniya babu wani hotonta sai wannan.

Washegari suka kira wani tsoho mai gyara, abokin mahaifinsu, ya zo ya yi wa kyamarar kuɗi. Baba Mai Gyara ya iso da 'yar jaka da tocila, ya yi musu gaisuwar rashi, sannan ya tsaya yana kallon kyamarar ya daɗe bai taɓa ta ba.

"Baba, nawa za ta yi?" in ji Auta.

"Ko gaisawa ba mu yi da ita ba, ɗana."

Ya miƙe zugazugin a hankali har ƙarshe, ya sa aka rufe taga, ya zura tocila a ciki. Ya ce in akwai huda ko ta bakin allura ce, za su ga haske ya tsiro kamar tauraro. Ba su ga ko ɗaya ba. Ya kwance idon kyamarar, ya ɗaga shi yana neman fumfuna a cikin gilashin. Ya kara kunne, ya danna abin da ke buɗe idon ya rufe, ya saurari ɗan kukansa kamar likita na sauraren ƙirji.

"Daƙiƙa ɗaya cif. Mahaifinku ya riƙe amana."

Sai ya mayar da idon, ya buɗe tagar, ya juya kyamarar ta kalli titi, ya ce Auta ya shiga ƙarƙashin baƙin ƙyallen. Auta ya shiga yana gunaguni. Ciki duhu, da ƙamshin tsohuwar fata da turaren mahaifinsa. A kan gilashin baya mai dishi-dishi sai ga titi ya bayyana, amma a kife. Motoci na tafiya a sama, ƙafafunsu na kallon inda sararin ya kamata ya kasance. Wata mata mai jar laima ta wuce kanta a ƙasa, a hankali, kamar tana iyo cikin ruwa. Tantabaru suka tashi, suka gangara ƙasa. Hayaniyar titin ta yi nisa. Ya tuna yana ɗan shekara biyar, Baba ya ɗaga shi ya leƙa nan, ya fashe da kuka don ya zaci mutanen za su zubo. Ya ji kamar in ya ƙara minti ɗaya zai ji hannun Baba a haƙarƙarinsa. Sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya fito.

Yana amsa wayar ne Baba Mai Gyara ya buɗe akwatin da ke gefe. A ciki akwai gidajen fim guda huɗu, kowanne siririn akwati ne kamar littafi, da marfin da ake ja sama. Ya nuna wa Yaya kan marafan. Uku fari ne a waje, ɗaya baƙi.

"Al'adarmu ce. In an ɗauki hoto sai a juya marfin, baƙi ya kalli waje. Mahaifiyarku tana cikin wannan. Ruwan wankina ya ƙare, sabo zai iso nan da kwana goma. Ku kawo shi mu wanke tare, ku biyu a tsaye. Kafin nan kada wanda ya buɗe shi. Ka ji, ɗana?"

"To, na gane," in ji Auta, waya na kunnensa.

Tsohon ya faɗi kuɗin da kyamarar za ta yi. Ya kai na sabon babur. Ya ce kada a goge tagullar, kada a shafa wa katakon komai, masu neman irinta da tsufanta suke son ta.

Yaya ta koma makaranta, makullin shagon ya zauna a hannun Auta. A ranar ya ɗauki hotunan kyamarar ya sa a kasuwar intanet. Kwana uku sai ga mai saye, wani mai ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine. Ya zo ya duba, ya yaba, bai yi ciniki mai tsawo ba. Sharaɗinsa ɗaya: yana son gidajen fim ɗin duka huɗu, domin yanzu ba a samun masu shiga wannan kyamarar, kuma ranar Alhamis zai yi tafiya.

Ran Laraba da hantsi Auta ya hau benen shi kaɗai. Rana ta shigo ta tagar ta kwanta kan kujerar. Ya ɗauki gidan fim mai baƙin kai yana juya shi. A ransa ya ce abin ai mai sauƙi ne. Hoto dai an riga an ɗauka. Zai zare shi ya sa a ambulan ya kai wa Yaya, ya ba mai saye gidan, kowa ya samu nasa. Tsofaffi dai da son wahalar da abu. Ban da haka ma, zuciyarsa ta ɗauki ɗokin ganin fuskar Inna, yanzu, ba sai nan da sati ba.

Ya matsa jikin taga don ya gani da kyau, ya ja marfin. Ya taho da ƙyar, ya cije saura kamar faɗin yatsa biyu. A ciki akwai falle ɗaya, launin toka, sumul. Babu fuska, babu mayafi, babu komai. Ya karkata shi dama, ya karkata hagu, ya haska da fitilar waya. Ya yi tsaki ya mayar da marfin.

Ya kira Yaya. "Kin ga, babu komai a ciki. Ina jin Baba ya manta bai ɗauka ba."

"Ta yaya ka sani?" in ji ta.

"Na duba mana."

"Ka duba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ɗauko shi mu haɗu wurin Baba Mai Gyara. Kada ka ƙara taɓa komai, don girman Allah."

Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya cire tabarau ya ajiye.

"Ɗana, hoton fim ba irin na wayarka ba ne. Yana nan a jikin fallen, amma ido ba ya ganinsa sai an wanke. Ƙiftawar ido ɗaya ta haske ita ta zana shi. Kai kuma minti nawa ka ba shi?"

Tsohon ya ƙara da cewa:

"Fuskarta kake kallo a lokacin. Kana kallo tana gogewa."

Mai saye ya karɓi kyamarar ran Alhamis da gidaje uku. Da ya ji labarin na huɗun, ya ce ba komai, a aika masa in an gama, bai rage ko kwabo ba. Ashe tambaya kawai ya kamata a yi masa tun farko.

Da ruwan wankin ya iso, su ukun suka shiga ɗan ɗakin duhu da ke bayan shagon tsohon. Ya kashe fitila. Ba ka ganin tafin hannunka. Sai motsin ruwa a faranti, yana zuwa yana komawa, da muryar tsohon yana ƙirga mintoci a hankali. Auta bai taɓa sanin minti yana da tsawo haka ba. Ya tsaya, domin babu abin da zai yi sai tsayuwar.

Da aka kunna fitila, tsohon ya ɗaga fallen yana ɗiga. Baƙi ƙirin, tun daga sama har ƙasa. Sai a gefe ɗaya, inda marfin ya cije, wani ɗan siririn wuri ya tsira. Bayan ya bushe ya buga shi a takarda, ya tsoma a ruwa ƙarƙashin jar fitila. Suka sunkuya. A hankali, kamar abin da ke tasowa daga ƙasan rijiya, sai ga bakin zani mai zanen ganye. Sai ƙafafu biyu a haɗe. Ta cire takalmi ɗaya, ta ɗora ƙafar a kan ɗayar, yadda takan yi in ta ji kunya.

"Ita ce," in ji Yaya. "Ga ɗan yatsanta da ya karkace."

Auta ya kai hannu zai ɗauka.

"Bai bushe ba," in ji tsohon.

Ya janye hannun. Ya durƙusa a gaban farantin yana kallon ƙafafun mahaifiyarsa, yana ɗaga ido sama da su, inda takardar ta ƙare.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ba sai mutum yana da mugun nufi yake yin ɓarna ba, rashin haƙuri kaɗai ya isa. Auta bai yi asarar kuɗi ba, ya sayar da kyamarar da daraja, amma ya rasa abin da babu kasuwar da ake sayar da shi, saboda ya kasa jiran sati guda. Idan kaya suka zo hannunka daga sana'ar da ba taka ba, ka saurari masu ita har su kai ƙarshen maganarsu, kuma kada ka ce ka gane alhali ba ka gane ba. Abin da idonka bai gani ba, ba lallai ne babu shi ba. Wani abin yana nan, lokacinsa ne bai yi ba.