Kujerar Yaya da Wayoyi Biyu

Ku yaran yanzu, ku ajiye dariyar nan ku saurara. An ba ku na'ura a hannu, sai kuka ɗauka an ba ku hankali. Babba yana magana kuna latsa waya, ya gama ku ce masa an wuce wurin. To, ba a wuce ba. Ku karanta wannan har ƙarshe, kada wanda ya tsallake layi.

Akwai wani dattijo mai gyaran wutar mota, kowa Kawu yake ce masa. Shekara talatin yana aiki a garejin mijin ƙanwarsa. Da mijin ya rasu, shi ya riƙe wurin har ɗan marigayin ya girma.

Ɗan ya je ya yi kwas na wata shida, ya dawo da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Tun daga ranar ya hana a kira shi da sunansa, sai dai Dakta. Har allo ya sa aka rubuta aka kafa a bakin ƙofa: Likitan Motoci. Uwarsa ta miƙa masa makullan gareji, ta ce ya riƙa jin maganar kawunsa. Ya ce to, da baki.

Akwai wata ungozoma da ke kawo motarta wurin. Motar ta tsiro da wani hali: ana cikin tafiya sai fitilun gaban direba su kama gaba ɗaya, allurar gudu ta faɗi ƙasa, giya ta ƙi shiga. In an jima kuma ta warke kamar ba ita ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, motar zamani ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba. Akwai akwatin inji, akwai na giya, akwai na birki, kuma duk suna magana da juna ta wasu wayoyi biyu da aka murɗa kamar kitso. Na'urar Dakta ta ce akwatin inji ya daina jin maganar akwatin giya.

Dakta ya ce, "Ƙwaƙwalwar giya ta mutu. A canja."

Kawu ya ce, "Ɗana, in kana waya da mutum magana ta yanke, likkafani za ka yanka masa? Ai layin za ka fara dubawa."

"Kawu, wannan ba aikin fitilar gwaji ba ne. Ka bar wa masu shi."

Aka canja akwati. Kwana huɗu mota ta dawo. Aka sake canjawa. Karo na uku ungozoma ta iso da safe, janwe na jan motarta, ranta a ɓace. A kan hanya ta tsaya mata, ga mai naƙuda ana jiranta, sai da ta tare mai babur.

Ta ce, "Yau sai an gaya mini wanda yake wasa da motata."

Dakta bai ko ƙifta ido ba. A gaban makanikai da masu fenti ya nuna Kawu da ɗan yatsa.

"Anti, gaskiya ɗaya ce. Bara shi ya gyara miki fitilar baya. Hannun tsufa ne, ya dagula wayoyin. Amma an gama. Kawu, ka tattara kayanka yau, ka je gida ka huta."

Shekara talatin ba a taɓa dawo wa Kawu da aiki ba, yau yaron da ya goya ya shafa masa baƙin fenti a gaban jama'a.

Kawu ya jawo kujerarsa ta katako, ya dasa ta a gaban motar, ya zauna.

"Ba inda za ni. Kayana ba su da nauyi, minti biyar na kwashe su. Amma sunana ba zan bar shi a ƙasa ka taka ba. Motar nan ba ta fita, ni ma ba na fita, sai an ga mai laifi."

"Kawu, kada ka sa in yi maka rashin kunya."

"Saura wacce? Ka ƙaraso da ita."

Sai ya juya wurin ungozoma. "Ƙanwata, an tambayi na'ura sau uku, ke ba a tambaye ki ko sau ɗaya ba. Yaushe take yi miki haka? Da zafi? Da ruwa? A kan gargada?"

Ta ce, "Wallahi ba ruwanta da wannan. Sai dai... duk ranar da na ɗauki yayata zan sauke ta wurin gashin ƙafa, ranar take yi. Yau ma tare muke."

Dakta ya tuntsire da dariya. "To ai an gano! Anti, yayarki ce ba ta da sa'a. Ki daina ɗaukarta, ko a nemo mata mai addu'a."

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "A ɗauko mini Yaya."

Aka je aka zo da ita. Mace ce mai jiki, Allah ya yi mata cika, ga sanda tana dogarawa. Tun daga ƙofa take faɗa.

"Ina wanda ya ce ni ce ba ni da sa'a? Kai ne, mai farar riga? Na haifi wanda ya girme ka!"

Kawu ya ce, "Yi haƙuri, Yaya. Taimako za ki yi mana. Tsaya nan tukuna."

Ya cire kan batir. Ya ɗauko tsohuwar mitarsa ta auna waya wadda aka ɗaure bayanta da roba, ya sa bakinta biyu a soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari, inda Dakta yake jona na'urarsa. Ya kira Dakta.

"Zo ka karanta da bakinka, kai ne mai ido. Nawa?"

"Sittin."

"Me aka koya maka a kan sittin?"

Dakta ya ce, "Layi lafiya lau."

"Madalla, ashe ka yi karatu. Yaya, bismilla, shiga ki zauna inda kika saba."

Yaya ta shiga, ta zauna, kujera ta yi ƙara ta nutsa.

"Yanzu nawa?"

Dakta ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, masu fenti ba su ji ba."

"Ɗari da ashirin."

"Wato me?"

"Layi ya yanke."

Yaya ta sauko, mita ta koma sittin. Ta sake hawa, ta koma ɗari da ashirin. Sau uku aka yi, har Yaya ta ce ita ba lilo ta zo yi ba.

Kawu ya kwance kujerar, ya ɗaga darduma. Ga wata ƙatuwar sifika an cusa a ƙarƙashi. Wanda ya sa ta, wayoyin nan biyu sun tare masa wuri, sai ya yanke su, ya zagaya da su ta ƙarƙashin ƙarfen kujera, ya murɗe bakin da hannu, ya naɗe da salatif. Ba darma, ba komai. In kujera ba kowa, bakin wayar yana taɓa juna. In mai nauyi ya zauna, ƙarfe ya danne, baki ya rabu, akwatuna su daina jin juna. Shi kuwa Dakta kullum motar wofi yake gwadawa.

Salatif ɗin ja ne. Duk garejin mutum ɗaya ne yake aiki da jan salatif, don ya ce baƙi na tsofaffi ne.

Ungozoma ta dafa ƙirji, ta juya wurin Dakta. "Sifikar nan ai kai ka sa mini watan jiya! Ka ce kyauta ce ta sabon likita!"

Kawu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa. "Na'urarka ba ta yi ƙarya ba. Ta ce an daina jin magana. Kai ne ba ka tambayi dalili ba, don kai ma ka daina jin magana."

Ya rufe akwatin kayansa, ya saɓa a kafaɗa. "Yanzu zan tafi. Da ƙafata, ba da korarka ba."

Kafin ya kai titi labari ya kai gida. Uwar Dakta ta iso ko mayafi ba ta gyara ba. Ba ta yi ihu ba. Hannu kawai ta miƙa.

"Makullai."

"Umma, ki bari in yi bayani..."

"Wanda ya yi wa yayana ƙazafi a gaban mutane ba shi da bayani a wurina. Makullai."

Ya ciro ya ba ta. Ta bi Kawu har bakin titi, ta durƙusa ta sa masa su a hannu. Sai da ta roƙe shi sau uku kafin ya juyo.

Ga abin da Dakta ya biya. Ya kwanta a ƙasan motar da farar rigarsa, ya liƙe wayoyin da darma, Kawu na tsaye yana cewa sake, har sau huɗu. Ya mayar da akwatin giya na asali, wanda lafiyarsa ƙalau tun farko. Ya durƙusa gaban Yaya ya nemi gafara, ta ce ta ji, amma ya ƙara matsowa don kunnenta ɗaya ba ya aiki. Ya hau tsani da kansa ya sauke allon Likitan Motoci. Na'urar kuma Kawu ya kulle ta a durowa, ya ce ba zai sake taɓa ta ba sai ya shekara yana bin waya da mita.

Sunan Dakta ma bai tsira ba. Har yau in ya wuce, masu fenti sai su ce, "Jan Salatif, an tashi lafiya?" Kuma dole ya amsa.

Darasi: Na'ura tana faɗa maka inda magana ta yanke, ba ta faɗa maka wanda ya yanke ta, kuma sau da yawa kai ne. Kafin ka ɗora wa babba laifi, ɗaga dardumarka ka duba aikin hannunka. Ku tura wa duk yaron da ya fara jin ya fi wanda ya rene shi, ya karanta tun makullai suna hannunsa.