Haƙoran Mzee Ntandu

Akwai wani dattijo a garin Singida na ƙasar Tanzaniya, ana ce masa Mzee Ntandu. Shekara ashirin da shida ya yi a masana'antar Yohana Hango ta matsar man sanfulawa, furen nan mai bin rana, kuma aikinsa guda ne: shi ke tsaye a bakin sito idan manoma sun kawo iri.

Zai cusa hannu cikin buhu, ya zaro ƙwaya uku, ya ɗora a kan turamensa na dama ya ciza. In ta ce ƙas, iri ya bushe, a shigar. In ta lanƙwashe, a mayar shanya. Ba a ɗaukaka ƙara bayan hukuncinsa. Manoma kan yi masa tsiya su ce haƙoransa sun fi alƙalin gunduma tsanani, shi kuwa yana jin daɗin wannan tsiyar fiye da yabo.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, a watan Janairu an cire masa turamen nan biyu a asibiti. Na hagu sun daɗe da tafiya. Tun daga nan, da haƙoran gaba yake cizo, hannunsa a kan baki kamar mai tunani, kuma ba ya jin bambancin da ya saba ji. Launin iri yake kallo, ya yi hasashe.

Ana cikin haka Hango ya tara ma'aikata ya ce an sami tallafi. Wata ƙungiya za ta biya kuɗin horar da mutum shida, muddin sun shekara biyu a masana'antar. Malama za ta riƙa zuwa Talata da Alhamis da safe har mako takwas. Kamfanin ba zai ba da komai ba sai lokaci. Sunan farko a takardar na Mzee Ntandu ne.

Dattijon ya tambayi me za a koya masa. Aka ce auna danshin iri da na'ura, da yadda ake jera buhuna, da yi wa kowane lodi alama.

"Maigida," in ji shi, "lokacin da na fara cizon irin nan, malamar taku ba ta yi haƙoran kanta ba. Ka ba wani kujerar."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, bakinsa a rufe. Tsoronsa shi ne a ajiye na'ura gefensa, a ce ya ciza a gwada, kowa ya ga abin da ya rage.

Kujerar ta faɗa wa Zuhura Senge, bazawara mai 'ya'ya uku, wadda ta shekara tara tana wanke ƙyallen tace mai. Ba ta taɓa taɓa inji ba. Ranakun karatu Mzee Ntandu yakan wuce ta ƙofar rumfar da ake karatun ya tambaya ko an fara raba wa 'yan makaranta alawa. Zuhura takan ce, "Mun ajiye maka taka, Baba." Ba ta faɗin fiye da haka.

A shekarar ruwa ya ƙi ɗaukewa da wuri. Manoma suka girbe cikin hanzari, suka shanya a kan tamfol tsakanin yayyafi da yayyafi. A mako na biyar na horon, wata babbar mota ta zo daga Iramba da buhu ɗari uku. Irin baƙi ne, mai sheƙi, gwanin kyau. Mzee Ntandu ya ciza, ya ce a shigar.

Zuhura ta matso da 'yar na'urar da aka ba su, wadda ba ta fi kofin shayi girma ba. Ta jira masu dako suka yi nisa, sannan ta ce masa a hankali ta gwada buhu goma, duka danshinsu ya nuna sha uku, alhali malama ta ce abin da ya haura tara ba ya jure ajiya. Ta roƙe shi a ƙara shanya irin kwana biyu.

Da ya yi shiru, da maganar ta tsaya tsakaninsu. Amma ya ɗaga murya don masu dako su ji.

"Ku zo ku ga ikon Allah. Mako biyar a makaranta, mai wankin tsumma ta zama likitar iri. 'Yar nan, koma bakin bahonki."

Ta koma. Sai dai kafin a tashi aiki ta bi buhunan nan ɗaya bayan ɗaya da jan alli, ta rubuta kwanan wata da lamba sha uku, kamar yadda aka koya mata a yi wa kowane lodi. Ya gan ta, ya ƙyale. A ganinsa wasan yara ne.

Bayan mako uku sito ya fara ɗumi. Mzee Ntandu ne ya fara ji, domin hannunsa bai tsufa ba. Ya cusa shi cikin wani buhu ya ji zafi kamar hammatar mai zazzaɓi. Ya zare, ya duba hagu da dama, ya tafi. Kwanakin nan ko ugali, tuwon masararsu, ba ya iya gamawa. Ya yi ta gaya wa kansa cewa injin zai cinye irin kafin ya lalace.

Injin ya ci. Man ya fito da duhu, yana maƙaƙi a maƙogwaro. Dillalin Dodoma da ke kai wa makarantun kwana, wanda shi ke ɗaukar rabin abin da masana'antar ke matsa, ya dawo da jarkoki cike da mota. Ya ce kwana goma ya bayar. In ba a kawo mai kyau ba, akwai masu matsa da yawa a Singida.

Hango ya kira Mzee Ntandu da Zuhura ofis. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗa ciwo. Ya ce mutum talatin da ɗaya ke ci daga wurin nan, yana so ya san yadda jiƙaƙƙen iri ya wuce ƙofa. Ya juya ga Zuhura ya tambaye ta ko ta san dalili.

Ta sani. Tun watan Fabrairu ta lura dattijon ya daina sayen gasasshiyar masara a bakin titi, yana jiƙa mandazi, irin fankensu, a shayi har ya narke. Mzee Ntandu ya dubi fuskarta ya gane ta sani. Ya jira.

Zuhura ta ce irin bana yana yaudara, bayansa a bushe, cikinsa a jiƙe. Sannan ta ce buhunan Iramba duk suna da jan alli, za a iya ware su yau, sauran kuma ta gwada su lafiya lau. In aka wanke injin aka canja ƙyallen tacewa, kwana takwas sun isa.

Hango ya miƙe zai fita ba da umarni. Dattijon ya ce ya dakata. Ya sauke hannun da ya yi wata biyar yana kare baki da shi, ya buɗe, ya nuna dasashi.

"Ba irin ba ne, Maigida. Ma'aunin ne ya zube, na ɓoye. Ta gaya mini, na kore ta a gaban mutane."

Man ya isa Dodoma a rana ta tara. Dillalin ya karɓa, amma ya rage odarsa har sai ya ga kamun ludayinsu. Buhu ɗari da tamanin da suka yi fumfuna aka zubar, ko tunkuzarsu ba a iya ba dabbobi ba. Masu dako huɗu suka zauna gida wata guda, kuma sun san saboda wa.

Ba a kori Mzee Ntandu ba. An ba Zuhura bakin sito, shi kuma aka sa sunansa a zagaye na biyu na horon, tare da masu kula da inji. Yana zama a bencin gaba, domin idon ma ya fara ja da baya.

Yanzu idan mota ta tsaya, har gobe shi ke fara cusa hannu cikin buhu. Yana zaro irin, ya murza, ya shinshina. Sai ya zuba a tafin Zuhura, a gaban manoma da masu dako, ya ce, "Malama, nawa ya nuna?"

Darasi: Gwaninta ba ta hana ƙarin ilimi, girman kai ne ke hanawa, kuma ba mai shi kaɗai ke biyan kuɗinsa ba. Mai masana'anta, wanda zai ceci kamfaninka wata rana yana iya kasancewa a bakin bahon wanki tun shekara tara, dama kawai yake jira. In tallafin horo ya zo, ka buɗe wa mutanenka ƙofa. Ma'aikaci, in aka ba ka kujera, ka zauna. Ku tura labarin nan ga wanda kuka san yana rufe baki da hannu a wurin aikinsa.