Amfilifayar da Gado Ya Zaɓa

Akwai wani mutum mai suna Gado a wani ƙauyen Hausawa da ke bayan garin Wad Haddad, can yankin Jazira, a kan tsohuwar hanyar alhazai ta gabas. Shekara tara ya yi yana tuƙin mota a Jidda. A 1998 ya dawo gida da talabijin, da bidiyo, da janareto, da wasu manyan sifikoki guda biyu, kowace ta kai masa ƙugu. Amfilifaya kaɗai ba shi da ita, wato na'urar da ke ba sifika ƙarfin fitar da murya. Gado ba mugu ba ne, amma wallahi ba a gaya masa magana. Duk abin da ka faɗa, shi ya riga ya gani a Jidda.

Mahaifiyarsa, Inna Ma'u, ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi. Tana 'yar shekara takwas iyayenta suka baro ƙasar Sakkwato da ita a ƙafa da niyyar aikin hajji, tafiyar ta ƙare a gonakin auduga na Jazira. Wanta Mati kuwa aka bar shi wurin kaka, saboda kurkunu ya hana shi taka ƙafa. Shekara sittin da ɗoriya ba ta ƙara jin ɗuriyarsa ba.

Ana nan sai ga wani falke da kaset na bidiyo, ya ce saƙon Mati ne. Ashe yana raye!

Aka sa kaset. Wani tsoho mai farin gemu ya bayyana, ya yi sallama. Inna ta manna kunne a jikin talabijin, ba ta ji komai ba.

Gado ya ce, "Inna, bari in riƙa faɗa miki abin da yake cewa."

Ta ce, "Kashe shi. Ba labari nake so ba, muryarsa nake so. Kuma ba wanda zai ji maganar ɗan'uwana kafin ni."

Washegari Gado ya shiga lori zuwa birnin Madani neman amfilifaya, ya nufi shagon Usta Mahadi, dattijon da ya shekara talatin yana gyaran rediyo. Yana shiga idonsa ya faɗa kan wata amfilifaya mai sheƙi, mai fitilu ja da kore, an rubuta ƙarfinta wat dubu biyu ɓaro-ɓaro a jikin kwalinta.

Usta ya tambayi girman sifikokin, ya girgiza kai. "Ya zol, bawan Allah, wannan rubutun ado ne. Juya bayanta ka karanta ƙananan haruffa. Wat ashirin da biyar take bayarwa, sifikokinka kuwa kowace na son ɗari da hamsin. Ga wadda ta dace da su."

Ya jawo wata baƙa mai nauyi, duk fentinta ya goge.

Gado ya yi dariya. "Haba Usta! Wannan tsohon ƙarfen zan ajiye a gaban mutane?"

"Ɗana, kamar ka ɗaura wa ɗan maraƙi garmar shanu biyu ne. In ka mure ƙaramar har ƙarshe, murya za ta dagule, ta ƙone maka sifikoki."

"Ni na zauna Jidda. Ɗaure mini mai fitilun, halas."

Usta ya ɗaure masa.

Ranar Juma'a bayan la'asar Gado ya tara rabin ƙauye a tsakar gida. Ƙanwarsa Amina ta yi wa Inna wanka, ta ɗaura mata sabon zane, aka zaunar da ita a angarib, wato gadon igiya, gab da sifika.

Janareto ya tashi, fitilu suka fara rawa, mutane suna ta "Ma sha Allah". Mati ya bayyana.

Inna ta ce, "Ƙara, ban ji ba."

Ya ƙara.

"Ƙara, Gado."

Ya mure har ƙarshe. Abin da ya fito ba murya ba ce, wani gurnani ne mai tsaga kunne. Sai ƙauri ya tashi, sifikokin biyu suka yi tsit. Bakin Mati na ta motsi a allo. Tsohuwar nan ta kai hannu tana shafa gilashin, hawaye na bin kumatunta. Kowa ya sulale ya fita, don abin ya fi ƙarfin kallo.

Gado ya kwashi sifikokin ya koma Madani, kansa a ƙasa. Usta Mahadi bai yi masa gori ba. Ya zauna ya sake naɗa musu waya, kwana uku cur, ya haɗa masa da baƙar amfilifayar.

Amma damina ta riga ta sauka. Wanda ya san lakar Jazira ya san in ta sha ruwa ko tarakta ba ta yarda da ita. Kwana shida Gado yana zaune a bakin hanya da kayansa. Ranar da lori ya samu wucewa, tun daga nesa ya hango tabarmi a ƙofar gidansu da maza zazzaune.

Amina ta tare shi a zaure, idonta ya kumbura. "Yaya, zazzaɓi ne, jiya muka kai Inna makwancinta. Kullum sai ta sa a juya mata gado ya kalli ƙofa."

Bayan sadakar bakwai, da hantsi, su biyu suka shiga ɗakinta suka haɗa kayan. Ko rabi bai mure ba murya ta cika ɗakin, tas, har ana jin numfashin tsohon.

"Ma'u, ni ne Mati. An ce kina raye. In kina ji na, ki amsa, ko da sau ɗaya ne."

Gado ya durƙushe a gaban gadon da babu kowa a kai, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa, "Tana ji, Kawu, tana ji."

Darasi: Kada sheƙin kaya da babban rubutu su rufe maka ido. Ka nemi abin da zai iya ɗaukar aikin, kuma in mai sana'a ya faɗa maka gaskiya ka sauke girman kai ka saurara, domin wani kuskuren ana gyara na'urar amma lokacin ba ya dawowa. 'Yan uwa, ku tura wannan ga duk wanda iyayensa ke raye suna jiran wani abu daga gare shi.