Ruwan Alwala a Ɗakin Gwaji

Ku ajiye wayoyinku, sabbin ɗalibai. Shekara ashirin ina kula da ɗakin gwajin fiziks ɗin nan, amma yau ni ke neman shawararku.

Shekara shida da suka wuce akwai wani ɗalibi, Sagiru. Ranar gwajin lantarki ya makara a alwalar azahar, ya ce zai yi salla in an tashi. Ya shigo da gudu, hannu jiƙe, silifas na tsiyaya. Kullum ina cewa a goge hannu, kuma kada a kunna wuta sai na duba haɗin. Ranar na fita neman fis na lantarki a madadin wanda ya ƙone, wata wayar wuta da ta ɗan zare kuwa na bar gyaranta sai gobe. Wannan laifina ne, har yau yana cina. Sagiru ya kunna, ya kama wayar, ita ma ta kama shi.

Abokinsa Lawandi ne kusa da shi. Duk wanda ya kai hannu don ya janyo Sagiru, shi ma wutar za ta haɗa da shi. Lawandi ya fizgi doguwar rular katako, ya maka wa hannun da ke riƙe da wayar. Sagiru ya zube, wayar ta faɗi gefensa a kan jiƙaƙƙen siminti.

Nafi'u kuwa, wanda suke wa dariya don ranar farko ya dame ni da tambayar inda babban makunnin wuta yake, shi kaɗai ya san yana bayan kabad. Ya tsallake tebur ya kashe. Kafin nan ba mai iya taɓa Sagiru.

Da aka taɓa shi, ba numfashi. Mudassir, da ya taɓa koyon agajin gaggawa, ya tura wani neman mota, ya durƙusa yana danna ƙirjin, yana hura masa iska. A haka na shigo na same su, bai daina ba har Sagiru ya yi tari.

Shekaranjiya Sagiru ya zo gidana. Matarsa ta haihu, namiji, suna jibi. Ya ce, "Baba Dogara, sunan wanda ya ceci raina zan sa masa. Kai za ka zaɓa."

Yaro ɗaya ne, su kuma ukun duk za su zo wurin raɗin suna. To, ku faɗa mini: sunan wa zan raɗa wa liman a kunne?