Simintin da Meurig Ya Zuba a Bakin Lambatu

Akwai wani dattijo mai suna Idwal a wani ƙauyen masu haƙar kwal da ke wani kwari a ƙasar Wales. Shekara talatin ya yi yana zubar da dattin ma'adana a kan jujin da ke bayan gari, har jujin ya zama tudu. Yanzu an rufe ramin kwal ɗin, ciyawa ta rufe tudun, tumaki na kiwo a kai.

Amma Idwal ya san abin da ke ƙarƙashi. A kan idon ruwa aka tara jujin nan. Shi ya sa magabata suka haƙa masa lambatu, kuma duk shekara kafin ruwa ya kankama mazan layin gidajen da ke gindin tudun kan fito su yashe shi. Da tsofaffi suka ƙare, aikin ya rage wa Idwal shi kaɗai.

Sai Meurig, ɗan marigayi ƙanensa, ya gina garejin motarsa a gindin tudun. Da ya ga danshi na cin bangon, ya kawo siminti ya toshe bakin lambatun. Maƙwabta har godiya suka yi masa, wai taɓo ya daina shigo musu tsakar gida.

Idwal ya je ya same shi a fusace, ya ce ya fasa simintin. Meurig ya yi dariya, ya ce tudun da ya shekara sittin a zaune ba yau zai koyi tafiya ba.

"Baffa, ka je ka sha shayinka. Kwal ta ƙare, ku ma zamaninku ya ƙare."

Dattijon ya kai ƙara ofishin hukuma. Suka turo wani mai takalmi fes, ya leƙa tudun daga cikin mota, ya ce ciyawa ta kama shi da kyau.

Aka yi kwana tara ana ruwa. Ranar ta goma da safe Idwal ya duba ƙasan lambatun, ya tarar ko ɗigo ba ya fita. Ya ɗaga kai, ya ga turakun shingen tumaki sun karkato wajen gari.

Ya bi layin gida-gida yana dukan ƙofa da sanda. Bai lallashi kowa ba. Wadda ta ce burodinta na kan wuta, ya ce ta bar shi ya ƙone. Da faɗa da zagi ya kora su zauren coci da ke ƙetaren rafi.

Gida ɗaya ya gagare shi. Meurig ya tare ƙofa, mahaifiyarsa Glenys kuwa tana sama a kwance, ba ta iya tafiya.

"Kai yaro, ruwan kwana tara ina ya tafi? Yana cikin tudun nan. Ba ni matar ƙanena in fitar da ita."

"Ba zan fito da Inna cikin sanyi saboda mafarkin tsoho ba," in ji Meurig. Ya kulle ƙofar, ya shiga mota ya tafi aiki.

Idwal ya koma coci neman maza biyu da za su ɓalle ƙofar. Suna dawowa, suna kan gadar rafin, tudun ya taho. Baƙin taɓo ya haɗiye garejin da gidaje shida kafin su kai ƙarshen gadar.

Sai washegari da rana aka tono gawar Glenys.

A maƙabarta Meurig na kuka, yana gaya wa masu ta'aziyya cewa ƙaddara ce, ruwa daga Allah yake. Idwal ya saurara har ya gaji, sannan ya matso ya tsaya a gabansa.

"Ruwan na Allah ne. Simintin naka ne."

Idwal bai ƙara yi wa Meurig magana ba har dattijon ya bar duniya.

Darasi: Abin da ka tarar magabata suna wahala a kai, kada ka toshe shi don jin daɗinka sai ka tambayi dalili. Ciyawa a kan juji ba ta mai da shi dutse, kuma girman kanka wani ne zai mutu a ƙarƙashinsa. Ku tura wa duk mai raina gargaɗin manya, tun bai binne nasa ba.