Kocin Da Aka Ɗaure Da Kunya

Akwai wani Alhaji Dodo a Mabera, cikin garin Sakkwato, shi ne uban wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta matasan unguwa. Ba shi da rowa, amma koci ba ya daɗewa a hannunsa. Ka tsara 'yan wasa ya zo ya sauya, ka yi magana ya tuna maka wanda ya sayi riguna.

Gasar unguwanni ta matso, ga doka cewa ba a karɓar ƙungiya sai da koci mai takardar horarwa. Mutum ɗaya ya rage a kusa, Ubaidullahi, malamin wasanni a wata firamare.

Alhaji ya san idan ya tunkare shi ba zai yarda ba. Sai ya zagaya wurin Malam Illo, mahaifin Shamsiyya matar Ubaidullahi, ya roƙe shi alfarma.

Malam Illo ya kira surukinsa ya ce, "Mutanen ga sun zo, ni ko na ce musu to."

Ubaidullahi ya sunkuyar da kai. "To, Baba."

Shi ke nan, ya shiga. Alhaji har fariya yake a bakin fili: "Wanga ba shi iya tahiya, ta hannun surukinai munka ɗauko shi!"

Wallahi bawan Allah ya ga ta kansa. A gaban yara ake yi masa tsawa. Ya cire ɗan wasa, Alhaji ya mayar da shi don ɗan ƙanensa ne. In ya bari, ya kunyata surukinsa; in ya zauna, kullum zuciya na ci. Da Shamsiyya ta ce za ta gaya wa Baba, sai ya hana ta. Ina zai kai ƙarar abin da dattijo ya riga ya amsa?

Ana saura wasan share fage kafin gasa, Malam Illo ya biyo ta filin bayan la'asar, ya tsaya ya ga aikin da ya sa surukinsa. Daidai lokacin Alhaji ya fizge usur daga wuyan Ubaidullahi, yana cewa, "Matsa can, ba ka san komi ba!"

Tsohon ya ratsa cikin fili da sandarsa, wasa ya tsaya cak.

"Alhaji, ni na ba ka shi aro, yau na amshe abina. Ubaidu, wuce mu tahi."

Babu koci, babu gasa. Washegari Alhaji Dodo ya cire takalmi a zauren Malam Illo, ya durƙusa yana ba da haƙuri.

Malam Illo ya ce, "Ba ni za ka roƙo ba. Ni da kai duk mun yi kure, ba wanda yat tambaye shi ko yana so. Tahi ka tambaye shi."

Ya je, ya tambaya da ladabin da bai taɓa yi wa koci ba. Ubaidullahi ya ce zai kai yaran gasar, amma Alhaji zai zauna cikin 'yan kallo. Can Alhajin ya zauna kuwa, bai ƙara sa baki a aikin koci ba.

Darasi: Wanda kunya ta tsare a wurinka bai zama naka ba. In kana son mai taimakonka ya zauna, ka nemi yardarsa, ka kuma riƙe mutuncinsa. Ku tura wa shugabannin ƙungiyoyin unguwarku su karanta.